Asabar ɗin da ta kuɓuce wa Leata

Leata mace ce mai baki, ni da nake ba ku labarin ma ina shakkarta. Tun tana budurwa take feɗe kifi a masana'antar gwangwani a garin Pago Pago, uwarta kuwa tana birnin Apia, a wani tsibiri tsallaken teku. Rabin awa ne a ƙaramin jirgin sama. Leata kan ce kafin ka gama tauna gwaza guda an sauke ka.

Ana nan sai manyan Apia suka cire wata Juma'a daga kalandarsu suka yar, wai don kasuwanci. Mutane suka kwanta Alhamis suka tashi Asabar. Tun daga nan Apia take gaban Pago Pago da kwana guda. Leata ta ji, ta yi tsaki, ta ce masu takalmi sun rasa aikin yi.

Ba a daɗe ba ƙanenta Vaitoa ya bugo waya.

"Yaya, Inna ta tafi. Ran Asabar za a binne ta. Ta bar wasiyya, kada a rufe akwatin sai kin lulluɓe ta da tabarmar nan."

Tabarmar gado ce, kakarsu ta saƙa, laushi kamar zane, bakinta da jan gashin tsuntsu. A hannun Leata take, ita ce babba.

Yarinyar da ke sayar da tikiti ta tambaye ta, "Mama, wace Asabar, tamu ko tasu?"

"Ke 'yar nan, Asabar nawa Allah ya yi? Ba ni ta Asabar, kin cika ni da iyayi."

Ta ba ta.

Da jirgi ya sauka Apia, garin tsit. Kantuna a rufe, jama'a cikin fararen kaya, ƙararrawar coci tana kaɗawa. Ashe a nan Lahadi ce. A ƙofar gida, inda mutanen can suke binne nasu, ta tarar da kabarin, simintin bai gama bushewa ba.

"Mun jira ki har rana ta karkata, Yaya," in ji Vaitoa, kansa a ƙasa. "Mun yi ta bugo miki. Fasto ya ce zafi ya yi yawa, ba za a kwana da ita ba."

"Ina wurin aiki! Jiya ai Juma'a ce!"

"A wurinku."

Ba ta yi kuka ba, ko ruwa ba ta sha ba. Ta rungumi tabarmarta ta koma filin jirgi, ta hau na yamma. Da ta sauka Pago Pago ta cafke hannun wani ɗan dako.

"Yau wace rana?"

"Asabar, Mama."

"To, ba a rufe ta ba ke nan."

Ta koma ta nemi tikiti, amma kowane jirgi aka nuna mata, Lahadi zai sauka. Ta zauna a benci har aka kulle.

Ba ta sake tsallaka tekun ba. Aikinta tana yi, faɗanta bai ragu ba, ba wanda zai ce mata mahaukaciya. Sai dai duk Asabar za ka same ta a bencin nan, da baƙaƙen kaya, tabarma a cinya. Ta ce da ni Inna tana kwance a can, akwati a buɗe, tana jin sanyi.