Gishirin da Mama Ta Soya

Yayata ce ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Lafia. In ta ɗaga murya, har masu okada a bakin titi sukan rage gudu. Ni ban gaji komai daga wannan baiwa ba, sai dai faɗa, wanda kowa a gidan ya yarda nawa ne.

Kumburin wuyanta ya fara ne kaɗan-kaɗan. Da farko ma yabo ya jawo mata, mata suna cewa ta yi wuya, hutu ya karɓe ta. Sai ya wuce yabo, ya kai girman ƙwai, ta koma ɗaura gyale a wuya ko ana zafin da ke gasa mutum. Muryarta ta soma shaƙewa in ta ja baiti mai tsawo. Da muka je asibiti aka ce maƙoƙo ne, kuma rashin sinadarin aidin a abinci na kawo shi. Aka ce mu riƙa cin kifin ƙanƙara da ƙwai da madara, mu kuma koma gishirin leda, wanda aka sa wa aidin.

Kifi da ƙwai kam sai ranar da hali ya yi. Abincinmu rogo ne da doyar da kawu ke aiko mana daga Agyaragu. Gishiri ne kaɗai muke iya canzawa, kuma nan ne abin ya taɓa Mama. 'Yar masu dafa gishiri ce, a bakin tukunyarsa ta girma, ba ta taɓa sa na kanti a miyarta ba. Amma saboda 'yarta ta sauke nata daga kan rufin madafa, ta sayo na leda, ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya.

Sai dai ta riƙe shi yadda uwarta ta koya mata riƙe gishiri. Ta farke ledar, ta taɓa, ta ce da danshi. Ta juye a kasko ta soya shi har ya bushe ƙamas, ta shanya a faranti a rana, sannan ta zuba a buɗaɗɗen ƙoƙo kusa da murhu don kada damina ta jiƙa shi. Kowace leda haka take yi mata, da kulawa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Muna ci, muna jiran wuya ya saɓe. Wuya bai saɓe ba.

Da numfashi ya fara yi wa Yaya wuya in ta kwanta, aka ce sai aiki. An yi, an cire, ta rayu, mun gode wa Allah. Amma murya ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata 'yar dusasshiyar magana ce, sai ka matso kake ji.

A ɗakin jinya ne wata nas ta tambayi Mama irin gishirin da muke ci. Mama ta gyara zama, ta ba ta labari da alfahari, har da suyar da shanyar.

Nas ɗin ta ce, "Kai, Mama! Wannan salt ba a soya shi fa. Wuta da rana yana kore aidin. A rufe shi a roba, a sa a miya in an kusa saukewa."

Mama ta ce, "Yana kore shi duka?"

"Zai ragu sosai. Amma Mama, kar ki damu, wuyan da ya riga ya girma haka, ko da salt mai kyau ba lallai ya koma ba."

Na san Mama ba ta ji wannan na ƙarshen ba. Na maimaita mata a hanya, na sake a gida, har na yi mata tsawa. Haushina har yau bai huce ba, kuma ba ita nake jin haushi ba. An faɗa a rediyo, an faɗa a coci, an faɗa a awon ciki: ku sayi gishiri mai aidin. Ban taɓa jin wanda ya ƙara da yadda za a ajiye shi ba, a garin da mata da yawa suka tashi suna shanya gishiri kamar barkono.

Yanzu gishirin gidanmu yana cikin roba mai murfi, robar cikin leda, ledar cikin akwatin kayan Mama, nesa da madafa. Kafin ta ɗebo ta dawo, miya ta kusa hucewa.

Yaya tana zuwa zumunta har yanzu. An ba ta tulu tana bugawa, wata yarinya ce ke ba da waƙa. Mama ta bar zama a gaba, ta koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Duk ranar da aka ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin Yaya, ina ganin bakin Yaya yana motsi daidai da kowace kalma, Mama kuma ta tashi ta fita waje, ta tsaya a rana har a gama.