Mai Toka da Numfashin Matarsa

Yayana ba matsoraci ba ne, bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya yi masa ƙazafi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shiga ƙarƙashin tukunyar wuta a tashar lantarki mai aiki da kwal, yana kwashe toka da zafinta, ai ba a kira shi matsoraci ba. Mai Toka suke ce masa a wurin aiki, har sunan ya biyo shi gida ya danne na ainihi. Amma ni da na san shi ciki da bai, na san akwai sauti guda da in ya ji, ko loma ce a hannunsa sai ta faɗi. Wani ɗan siririn fito ne da ke fitowa daga ƙirjin matarsa idan numfashi ya fara yi mata gardama.

Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, duk da ni ma yanzu furfura ta fara leƙo ni. Lokacin da ta shigo danginmu, mace ce mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Ciwon asma ya kama ta ne bayan sun daɗe a kwatas ɗin ma'aikata, gidajen nan jere masu ɗaki biyu da falo da ke bayan katangar tashar. Daga tagar ɗakin girkinta kana ganin bututun hayaƙi biyu, dogaye, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. In iska ta juyo wajen kwatas, farar shanya ba ta dawowa fara. Ka goge tebur da safe, kafin rana ta take ka iya rubutu a kansa da yatsa.

Ga inda ƙullin yake. Tashar da ke toshe mata ƙirji ita ce kuma ke buɗe mata shi. Asibitin ma'aikata yana cikin harabar, kuma matar ma'aikaci kyauta ake duba ta, a ba ta maganin shaƙa, in abin ya yi tsanani a jona mata oksijin. In Yaya ya bar aikin, ko aikin ya bar shi, babu gida babu asibiti. In ya zauna, ga hayaƙi. Na sha yi masa masifa a kan wannan, don ni bakina ba shi da linzami.

"Yaya, ka ɗauke baiwar Allahn nan daga wurin nan. Zuba ido za ka yi har sai ta shiɗe a hannunka?"

"In kai ta ina, Auta? Gidanki? Ranar da abin ya tashi, keken ɗinkinki za ki jona mata a hanci?"

Da gaskiyarsa. Unguwar da nake ɗinki tana can ɗaya gefen gari, iska mai kyau kam muna da ita, amma asibitin kirki sai ka hau mota biyu.

Don haka Yaya ya zama mai gadin iska. Da safe kafin ya sha ko ruwa, zai tsaya a ƙofar gida ya ɗaga kai ya ga ina hayaƙi ya dosa. In ya yi wajen fili, ya buɗe tagogi. In ya yo kwatas, ya jiƙa tsofaffin tawul ya toshe ƙarƙashin ƙofa da ramukan taga. In ya tashi aiki ba ya taɓa shiga ɗaki da kayan jikinsa. A bayan gida yake tuɓewa, ya yi wanka, ya sake, ya ƙwaƙule har cikin kunne. Anti kan leƙa ta ce, "Maigida, sabulun nan fa ba shuka shi muke yi ba. Ka rage mana fatar ko ta gobe ce." Ya ce mata ta koma ciki ta rufe ƙofa, yana faɗa yana murmushi.

Ana nan sai ga maganar taro. Wai ƙasashen duniya za su haɗu a wani gari mai nisa, kowace ta faɗi yawan hayaƙin da za ta rage, saboda duniya na ƙara zafi. Rediyo ya ce an sa ƙasarmu a gaba, kuma in ta amsa, tashoshin kwal ne za a fara rufewa. Su can suna maganar ƙanƙara na narkewa da teku na cin gari. Mu a kwatas maganar ba ta wuce katangar tasha ba. Maza suka daina raha a bakin get. Maƙwabcin Yaya, direban babbar motar da ke ɗauko kwal, kullum yana tsaye yana kumfar baki: "Waɗanda suka gama ƙona nasu suka yi arziki, su ne yau za su ce mu kashe namu? Su zo su ciyar mini da yara mana!" Ba na shiri da direban nan, surutunsa ya yi yawa, amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

A makon taron na rufe shago na koma gidansu, don ƙirjin Anti ya fara ciwo. Na tarar Yaya ya zabge, wando na neman faɗo masa. Kullum ƙaramin rediyo na kunnensa, ko da abinci yake ci. Na same shi a bayan gida yana wanke takalmin aiki, na tambaye shi kai tsaye.

"Kai me kake roƙo? A rufe ko a bari?"

Ya daɗe yana goga takalmin da ya riga ya fita. "Wallahi Auta, in na ɗaga hannu ban san me zan ce ba. In na ce a rufe, na cire mata oksijin. In na ce a bari, na ƙara mata hayaƙi. Sai in ce Allah ya zaɓa mana, in shafa, gabana yana faɗuwa."

Tun ina yarinya ban taɓa jin ya ce gabansa na faɗuwa ba. Nawa ma sai ya faɗi.

Ranar da ministanmu zai yi magana, iska ta kwana ta tashi tana turo hayaƙi kwatas. Yaya ya toshe ko'ina ya tafi aiki. Ni da Anti muka wuni a falo, zufa na tsiyaya, fanka na juya iskar da muka riga muka shaƙa. Da yamma, daf da tashin ma'aikata, aka nuno ministan a talabijin, cikin wani ɗaki mai sanyi, da kwalbar ruwa a gabansa. Ya yi ta zagaye-zagaye. Ya ce ƙasa mai tasowa ce mu, jama'a na bukatar wuta. Ya ce za mu rage hayaƙi, amma ɗan abin da ya faɗa ko a ido aka sa ba zai yi ƙaiƙayi ba, shi ma ba yanzu ba, sai can gaba, kuma sai in masu kuɗi sun taimaka. Tafin da aka yi masa a zauren bai fi na mutum kaɗan ba. Mai kawo rahoto ya ce wakilan wasu ƙasashe sun fita ransu a ɓace.

"Auta, ni ban gane kansa ba," in ji Anti. "Me ya ce?"

"Ya ce ba za a rufe ba."

"Har yaushe?"

"Har mu tsufa mu bar ta. Mai rahoton ma cewa ya yi za a ƙara bututu na uku."

Sai ta yi dariya. "To madalla. Biyun ma ai sun yi mini kaɗan."

Dariyar ce ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa, sannan fiton ya biyo baya. Na miƙa mata maganin shaƙa, ta shaƙa, ta sake, kamar ba ta yi ba. Ta dafa gwiwa ta sunkuyo, kafaɗunta na hawa da sauka, ramin wuyanta na lotsawa ciki. Na kira wayar Yaya, tana ta ringi ba a ɗauka. Na kira asibiti, aka ce motar marasa lafiya ba ta da ta inda za ta fito.

Na ɗaga labule na ga dalili. Ma'aikata sun ɓarke daga get kamar an buɗe famfo. Direbobi sun gicciya manyan motoci a titi suna danna oda, suna taka totur don murna, baƙin hayaƙi na tashi har ba a ganin gidajen da ke fuskantarmu. Wasu na dukan tsofaffin durom, mata na guɗa a ƙofar gidajensu. Ban ga laifinsu ba a lokacin, kuma har yau ban gani ba, abincinsu ne aka ce ba za a taɓa ba. Amma na tsaya a tagar nan ina jin fiton Anti yana ƙara siranta a bayana, leɓenta ya fara canja launi.

Sai ga Yaya ya turo ƙofa. Ashe abokan aiki ne suka yi gaba da shi cikin murna, har da sauran murmushi a fuskarsa. Tunda nake ban taɓa ganinsa cikin falon nan da kayan aiki ba sai ranar, toka tun daga gira har takalmi. Ya ji fiton. Murmushin ya ɓace. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ya dubi hannun rigarsa, ya janye. Sai kawai ya fizge rigar, maɓallai suka watse a ƙasa, ya durƙusa.

"Ɗora mini ita, Auta. Kawo zani ki ɗaure."

Na goya masa ita kamar jaririya, muka fita a guje.

Abin da ya faru a titin nan shi ne har gobe ba na son tunawa. Mutane suka ga Mai Toka, mutumin da ko rawa bai taɓa yi ba, ya fito ba riga da matarsa a baya. Suka ɗauka murna ce ta kai shi. Ihu ya tashi. "Kai jama'a! Mai Toka ya goya Madam!" Suka kewaye mu suna tafi, suna fito, wani na bubbuga masa kafaɗa, wani na jan hannunsa a yi rawa. Yana ihu a ba shi hanya, amma odar motoci ta haɗiye muryarsa, bakinsa kawai ake gani yana motsi. Kan Anti ya kwanta a kafaɗarsa, su kuwa gani suke kunya ce ta sa ta ɓoye fuska. Na cire takalmina na shiga dukan duk wanda na samu, ina zagi, ina kuka. Su kuma dariya suke, wai ƙanwar ma ta shiga wasan.

Direban nan mai surutu ne ya lura. Ya ga hannunta yana lilo ba ƙarfi, ya leƙa fuskarta, sai ya saki wata ƙara da ta fi odar motarsa. Ya shiga gaba yana ture mutane da ƙirji. Shiru ya riƙa bin mu a baya, gungu bayan gungu, har muka kai ƙofar asibiti.

Aka jona mata oksijin. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ƙi shiga, saboda tokar da ke wandonsa. Ya jingina da bango yana jira. An daɗe kafin likitar ta fito, wata mace mai gajiya a fuska.

"Malam, wannan karon ta dawo. Na gaba ban yi maka alkawari ba. Ka fitar da ita daga unguwar nan."

"Maganin fa, likita?"

"Muddin kana aiki, ka zo ka karɓa ka kai mata. Oksijin ne ba ya fita daga nan."

Haka aka raba su. Anti ta dawo gidana, Yaya ya zauna shi kaɗai a kwatas yana kwashe toka don magani ya ci gaba da zuwa. Da farko ko tari ta yi sai na duba hanyar titi, ina lissafin motar da za mu hau. Amma iskar unguwarmu ta karɓe ta. Ta yi ƙiba, ta fara taya ni ɗinke maɓalli, dariyarta ta dawo, har maƙwabta na tambaya wace ce baƙuwar nan tawa. Yaya na zuwa duk ranar hutunsa da ledar magani. Kafin ya yi sallama sai ya zagaya famfon bayan gida ya yi wankan da ya saba, ko da kuwa ya yi wani kafin ya taho.

Zuwansa na baya-bayan nan, yana can bayan gida, ni ina kan keke ina haɗa hannun riga. Anti ta dafa ni.

"Auta, tsayar da keken."

Na ɗaga ƙafa. Muka ji ruwa na zuba. Muka ji tari, busasshe, wanda ake ƙoƙarin dannewa. Bayan tarin kuma ɗan siririn fiton nan ya biyo. Na juya na dubi Anti, bakinta a rufe yake, ƙirjinta lafiya lau. Ta riƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya shige ni.

Ya shigo da tawul a wuya yana fara'a. "Lafiya kuka yi tsit kamar an aiko muku da sammaci?"

"Maigida," ta ce, "yaushe ya fara?"

"Me? A'a, mura ce. Ruwan famfon Auta ne da sanyi."

Ta buɗe ledar da ya kawo, ta ciro maganin shaƙa guda, ta zura masa a aljihun riga, ta danne aljihun da tafin hannunta.

"Ka koma da wannan."

Na jira ya yi gardama, don Yaya bai taɓa yarda a rage mata ko ƙwaya ɗaya ba. Na jira ya ce ta bar wasa, ya ciro ya mayar cikin leda. Bai ciro ba. Ya ɗora hannunsa a kan nata, ya ce to.