Kariyar Kaka da Butar Baffa

Shekaranjiya a kasuwa na bi ta gaban masu kabewa, wani ya fasa wadda ta ruɓe daga ciki, warin ya buge ni har sai da na tsaya na dafa bango. Mai kabewar ya ɗauka juna biyu gare ni, ya yi ta jera mini sannu. Ina fa! Warin ne ya mai da ni gidanmu na Birni, ina 'yar shekara tara, tsaye da butar ban ruwa a hannu ina jin kaina wata mai ilimi.

In kai ba ɗan ƙasar nan ba ne, bari in gaya maka mece ce kariya. Itaciya ce gajera mai ƙaton tumbi, fatarta toka-toka da santsi, rassanta kamar yatsun hannu. Rabin shekara tana nan tsirara babu ganye ko ɗaya, har ka rantse ta mutu. Sai bazara ta kankama, rana tana gasa duwatsun Damagaram, rijiyoyi sun ja baya, mata sun jera bido, wato jarkoki, a bakin famfon da ya yi kwanaki bai kawo ba, sannan za ka tashi da safe ka ga kan rassan ya yi toho. Kwana uku a tsakani ta fashe da fure, ja a baki, fari a ciki, alhali ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Tun damina ta ɓoye ruwanta a tumbin nan, ba ta neman na kowa.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana da guda a bayan ɗakinta, a wani lungu inda dutse ya kutso cikin gida. Nan ne lambunta, in har za a kira shi lambu. Shukar aguwa ta yi masa shinge, lalle yana gefe, sai wata tumfafiya da ta fito da kanta Kaka ta ce a bar baiwar Allah. Da bazara duk sai su farka tare. Lallen ya yi ƙananan furanni masu ƙanshin da ke bin ka har zaure, tumfafiya ta jera nata masu ruwan shuni, kariya kuwa ta zauna a tsakiya ta haska lungun duka. Awaki ba sa zuwa kusa da ita, mu ma an hana mu karya ta, don ruwan jikinta guba ne.

Wannan kariya yayan Kaka ne ya haƙo mata ita tana ƙarama, daga duwatsun bayan gonarsu a Dakusa, shekarar da aka kawo ta gidan miji. Daga baya fari ya watsa gidansu, yayan ya yi kudu neman abinci, har ta mutu ba ta sake jin labarinsa ba. Ƙwaryar aurenta ta fashe, tasoshin sun tsufa an sayar wa maƙera. Abin da ya rage mata na gidan ubanta shi ne wannan itaciyar. Duk bazarar da ta yi fure, Kaka takan shimfiɗa tabarma a gabanta da hantsi, ta zauna da carbinta, ta yi wa mutanensu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ni nake zama kusa da ita. Ta gaya mini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: "Wannan ba a ba ta ruwa. Ruwa ne ajalinta."

To, sai Baffa ya dawo. Ƙanen babana ne, ya yi shekaru a Yamai, aka ba shi aiki a wani biro, wato ofis, na garinmu. Ya dawo da tabarau, da takalmi mai ƙara, da umarnin cewa mu daina ce masa Baffa, mu riƙa cewa Tonton, irin na Faransanci. Kada ka ɗauka noma ya karanta. Takardu yake buga wa hatimi. Amma ya leƙa gidajen manya a can ya ga ciyawa kore a tsakar gida, shi ke nan ya zama gwanin shuke-shuke. Cikin kayansa har da wata butar kwano mai ƙananan huji a baki, wai arozuwar, yana riƙe ta kamar sandar girma.

Ana shiga bazara autar Kaka ta haihu a Droum, Kaka ta tafi yi mata zaman jego na kwana arba'in. Babana kuma yana Kano wajen fatauci. Ranar tafiyar ta tsaya a lungun, ta duba tohon da ya fara leƙowa, ta ce za ta dawo ta tarar da ƙarshen furen in Allah ya so, kowa ya kawar da hannunsa.

Ko kwana biyu ba a yi ba Baffa ya naɗe hannun riga. Ya ce abin kunya ne gida irin namu a ce babu jardan, wato lambun Turawa, sai tarkacen daji. Ya sare tumfafiya. Ya tone tsakuwar gindin kariya ya zubar, ya sa aka kawo baƙar ƙasa daga fadama, ya haɗa da taki, ya yi mata kwarin da zai riƙe ruwa. Ya ce ka dube ta, ko ganye babu, ƙishirwa ce za ta kashe ta, tsofaffi ba su san kimiyya ba. Innata ta yi magana sau ɗaya daga ƙofar madafa, cikin ladabi irin na matar wa. Ya yi dariya ya ce ita ta ji da tuwonta.

A garin da innata ke yi mana wanka da kwano guda, ta tare ruwan wankan ta yi wanki da shi, a nan Baffa ya riƙa tsayar da 'yan garuwa safe da yamma don ya shayar da itaciyar da ba ta roƙe shi ba. 'Yan garuwan da kansu suna sauke ruwan suna kallon juna.

Yanzu ga inda ba na son zuwa, amma tunda na fara sai in ƙarasa. Ba shi kaɗai ya zuba ba. Ni na nace ya ba ni butar. Ruwan yana fita ta hujin nan sirara-sirara kamar yayyafi, ban taɓa ganin irinsa ba, shi kuma yana tsaye yana cewa ga 'yar lakwal, 'yar boko ke nan, ga wadda za ta waye. Na san abin da Kaka ta faɗa, kalma da kalma. Na zuba duk da haka, kullum, kafin in tafi makaranta da bayan na dawo. Idan na raina Baffa a wannan labari, ka sani na ajiye wa kaina kaso.

Abin haushin, da farko kamar ya yi gaskiya. Tohon furen ya kakkaɓe ya zube, amma ganye ya fito kore shar, a lokacin da bai kamata ba. Wayyo, zo ka ga Baffa! Ya kira abokan aikinsa shan shayi, ya jera musu kujeru a lungun Kaka, yana nuna ganyen da ɗan yatsa yana zuba Faransanci. Su ma suna gyaɗa kai, kowa da alƙalami a aljihun gaba, babu ɗaya a cikinsu da ya tambaya ina furen. Bayan sati uku ganyen ya fara rawaya yana faɗuwa. Baffa ya duba, ya yi nazari irin na masana, ya ce ruwan ne bai isa ba. Muka ninka.

Kaka ta dawo da azahar, rana tsaka. Ko mayafinta ba ta cire ba ta wuce bayan ɗaki, muna biye da ita. Ta ga kututturen tumfafiya, ta ga laka a gindin kariya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa, ta ɗora babban yatsanta a tumbin ta danna. Yatsan ya nutse har gaɓa, wani ruwa ruwan ƙasa ya tsiyayo, warin nan ya tashi.

"Wa ya ba ta ruwa?"

Baffa ya gyara tabarau ya fara: "Iya, ai ita shuka a kimiyyance..."

"Shekara arba'in da biyar tana gidan nan," in ji Kaka. "Ta riga ka zuwa. Ta taɓa ce maka tana jin ƙishirwa?"

Sai idonta ya sauka kan butar, wadda take hannuna. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke ma?" Wallahi da ta zane ni da tsumagiya da ya fi mini sauƙi.

Ta aika aka kawo wuƙa. Ta bi rassan sama tana yankawa tana dubawa, duk wanda cikinsa ya yi baƙi ta jefar, har ta samu uku masu fari. Ta ajiye su a inuwar rumfa sati guda bakin yankan ya bushe, sannan ta dasa su a yashi da tsakuwa. Uwar kuwa ta narke a tsaye, aka kwashe ta da shebur. Cikin rassan, biyu sun bushe, ɗaya ya kama. Kaka ta ce mini reshe ba ya yin tumbi irin na wadda ta fito daga iri, kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya yi fure. Bazara biyu ta shimfiɗa tabarmarta a gaban wannan ɗan sandan tsirara, tana jan carbi. Ta rasu da sanyin shekara ta uku. Wata uku bayan an kai ta, ya yi fure huɗu.

Ciyawar da Baffa ya shuka a tsakar gida kuwa awaki suka cinye ta tun kafin damina. Butar ta ƙare a matsayin mazubin dusa.

Da aka yi mini aure na yanki reshe na tafi da shi. Yana nan a tsakar gidana, ya fi ni tsawo yanzu, siriri, babu tumbi. Zamani kuma ya juya. Kariyar da ake kira tarkacen daji yau ita ce a tukwanen roba a bakin titi, an laƙaba mata sunan Faransanci, manya suna jera ta a ƙofar gida suna ɗaukar ta hoto da waya. Yaran gida suna bi da tiyo suna jiƙa ta kullum, in ta ruɓe a sayo wata. Ba wanda ya san daga wane dutse aka haƙo tasa.

Bazarar bana Baffa ya zo gaishe ni. Ya ajiye aiki, ya tsufa, tabaran ya ƙara kauri. Ya tarar da kariyata ta cika da fure, ya tsaya yana ta sha'awa. Ya ce ai wannan ita ake yayi a Yamai, ashe ni ma na waye, ina na samo irin mai kyau haka? Na zuba masa ido ina jiran ya tuna. Ko alama. Ya ce in yanko masa reshe ya kai gidansa.

Uba ne, ba a hana shi abu. Na ɗauko wuƙa na yanka, na naɗe bakin da tsumma saboda gubar, na miƙa masa da hannu biyu. Ya jujjuya shi yana murmushi, sannan ya ɗago ya ce, "To 'yata, sau nawa ake ba ta ruwa a rana?"

Na sa hannu na karɓe reshena.