Kiran da Ladi Ba Ta Yi Ba

A gidanmu na Baure, Iya Abu, kakarmu ta wajen uba, ita ke yi mana tatsuniya bayan isha'i, a bakin murhu, kafin garwashin tuwo ya mutu. Mukan tura gyaɗa cikin toka muna jiran ta gama lazimi. Shekarun da aka fara Shari'a ne a jiharmu, in ban manta ba, don na tuna Baffa, mahaifinmu, ya taɓa ce mata tatsuniya ƙarya ce, ta ce masa ai da ita aka yaye shi.

Ana ce mata ungozoma, amma ina ganin sunan bai cika dacewa da ita ba. Ungozoma a wajenmu sai an haihu ake kiran ta, ta yanke cibi, ta wanke jariri. Iya Abu kuwa tun farkon naƙuda take so a kira ta. Ta riƙe wa mace baya, ta shafa mata ƙugu, ta ba ta ruwa, ta aika zaure a kwantar wa miji da hankali, in ta ga abin ya fi ƙarfin gida ta sa a nemo mota. Sai dai ba a kiran ta da wuri. Mai cikin fari ba ta faɗin naƙuda, ba ta kuka. Kunya ce.

Wata rana ta dawo daga wani gida a bayan kasuwa, ta ƙi cin tuwo. Muka dame ta da roƙon tatsuniya. Ni na fi kowa naci, har ta ce, "Ke uwar tsoro, in na yi kar ki zo kina maƙale mini a zane."

Ta ce a wani gari akwai tsohuwa da ke zaune cikin kogon tsamiya. Duk macen da ta kira ta a kan gwiwa sai ta sauka lafiya, amma ba ta shiga ɗaki sai an kira ta. Sai aka yi wata yarinya, Ladi, naƙuda ta kama ta tana daka. Ta ƙarasa dakanta, ta share tsakar gida, ta shige ɗaki, ta cusa bakin zane a baki. Tsohuwar ta zo ta tsaya a ƙofa tana kasa kunne. Shiru. Ta yi gyaran murya. Shiru. Ta zauna a dokin ƙofa har inuwa ta juya, matan gida na wuce ta suna cewa, "Kai, Ladi akwai kunya!" Da aka ɗaga labule, sai da aka sa hannu aka zare zanen daga haƙoranta.

"Sai me, Iya?"

"Sai aka yabe ta. Gari duk ya ɗauka, wance jaruma ce, ko uhm ba ta ce ba."

"To ta tashi?"

"Yabo na tada mutum? Ku tashi ku ba ni wuri!"

Ta watsa ruwa a murhun, gyaɗarmu na ciki. Sai da na girma na gane daga gidan rasuwa ta dawo ranar.

Iya Abu ta rasu ina jami'a. Ni ba likita ba ce, kuma ba na so in ɗora wa al'ada abin da ba nata ba. Wataƙila da can akwai dalilin da ban sani ba. Amma na tambayi malamai, ban sami wanda ya ce mini addini ya hana mace cewa tana jin ciwo ba.

Bara ƙanwata Hauwa'u ta zo goyon ciki gida. Da kunnena na ji Inna, mahaifiyarmu, tana ce mata, "Kar dai ki ba mu kunya." Ranar da abin ya zo, na same ta da hantsi tana wanke-wanke, gumi na ɗiga daga haɓarta, ta kama bakin baho.

"Tun yaushe?"

"Ba komai, Yaya."

Ban san riƙon baya irin na Iya ba. Na dai zauna, na jingina ta da ƙirjina, na ce ta faɗi inda ke mata ciwo, da ƙarfi, kowa ya ji. Ta kuwa faɗa, har maƙwabta suka ji. Ihun nan ne ya sa Baffa ya nemo mota zuwa Daura, inda aka ce yaron a gicciye yake, aka yi mata aiki.

Ranar suna mata suka cika gida suna yi mata tsiya. Wata gwaggonmu ta ce, "Mai jego sarkin raki, har Zango an ji ki!" Aka kwashe da dariya, Inna ta sunkuyar da kai kamar an kama 'yarta da sata. Hauwa'u na zaune da ɗanta a cinya, da ranta, tana ba su haƙuri. Haƙuri! Na so in yi magana, na ga duk iyayena ne, na haɗiye. Har yau ina jin ɗacinsa.