Tsohon da Ke Kaɗa wa Ƙaguwa Ƙararrawa

Akossiwa na fasa kwakwa a bakin hanyar ƙauyen Avlo, inda yashi ya hana mota shiga, sai ga wani tsoho a kan keke, kai fari fat, tabarma ɗaure a baya. Teku na hagunsa, hanya fetal, amma sai kaɗa wa ƙaguwar bakin teku ƙararrawa yake. In zai kauce wa rami sai ya miƙa hannu ya ba da alama, ya waiwaya, ya ga ba kowa, ya ƙyalƙyale da dariya.

Wannan direba ne, in ji Akossiwa a ranta. A cunkoson Kwatano ya tsufa, yau ya sami hanya tasa shi kaɗai.

Gabansa masunta na jan taru, igiyar ta gitta hanya. A nan ba a tsallake ta, wanda ya tsallake ya kori kifin ranar.

"Baba, igiya," ta ƙwala masa kira. "Za ka sa mu kwana da yunwa."

Ya matse birki, ya ja ƙafa a yashi, tayar ta tsaya dab da igiyar. Ya yar da keken, ya naɗe wando, ya kama ja tare da su, yana ɓata musu waƙa da muryarsa.

"Ashe ba sauri kake ba, Baba?" in ji Akossiwa.

"'Yata, na ƙare ƙuruciyata ina zagin masu tare min hanya," ya ce yana haki. "Sai yau na ga abin da ya isa a tsaya masa."