Doña Erlinda da Sifirin Motar Kakana

"Ajiye filayar nan, Fide," in ji Doña Erlinda.

"Doña, ja ɗaya zan yi masa. Ɗaya tak."

"Haka ka ce ran da ka ɗaure haƙorin ƙanwarka a jikin ƙofa. Ajiye."

Kawuna Fidencio mutum ne mai furfura, har da jikoki. Ya ajiye.

Abin da suke wa faɗan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sifirin ne a jikin kafiretar tsohuwar a-kori-kurar kakana Eloy. Tsatsa ta liƙe shi da ɗan kunnen ƙarfen da yake maƙale a kai, kuma sai an cire shi za a buɗe kafiretar a wanke. In ya karye, ko kunnen ya ɓalle, shi ke nan, don an daina ƙera irinta tun ba a haifi mahaifiyata ba. Kaka kuwa abu ɗaya ya roƙa bana: a kai shi dutse ɗebo itacen hunturu, a cikin motarsa, kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Likita bai yi masa zancen baɗi ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

Ni ba gwanin magana ba ne. Amma Doña Erlinda Archuleta za ta rufe garejinta ƙarshen shekara, kuma ban ga mai niyyar faɗin komai ba. Shi ya sa na rubuta.

Kowa a ƙauyenmu ya san safiyarta. Ta ɗaga ƙofar gareji, ta ɗora buta, ta kori kyanwa daga kan kujera, ta ja kujerar zuwa taga inda haske ya fi. A wannan tagar ta gaji ubanta. Tun tana budurwa take nan, da tabarau a rataye a wuya da ƙamshin fetur a gashi. Ku tambayi 'yan kwana-kwananmu na sa-kai wa ya tayar musu da mota shekarar da gobara ta gangaro daga dutse. Ku tambayi masu gonar barkono wa ke farfaɗo da injin ban-ruwa duk bazara. Za su ce, "Ai Doña ce," su ci gaba da abin da suke yi. Iyakar yabon da ta samu ke nan.

Ran nan ta ɗiga wa sifirin mai, ta jiƙa tsumma da ruwan zafi daga butarta, ta naɗe kafiretar kamar mai gasa wa jariri cibiya. Sannan ta buɗe kwano: gurasar tortiya, wake, koren barkono.

Kawu ya ce, "Ci za mu yi? Tsoho na can yana jira, har ya sa takalmi."

"Ya jira uwarka shekara nawa kafin ta ce ta yarda? Ci."

Muka ci. Ta canza tsumma. Ta sake canzawa. Kawu ya fita ya dawo, ya sake fita.

Da ta gamsu, sai ta ɗaure siririn zare a wuyan sifirin, ta naɗe ɗaya bakin a ƙusa, don kada ya yi tsalle ya ɓace in ya fita. Ta ɗauki ƙaramin sukudireba. A nan na ga abin da ya sa za ta rufe. Hannunta yana rawa. Bakin sukudireban yana ta sara iska, ya kasa zama wuri ɗaya.

Ta dubi hannun, ba ta ɓoye shi ba.

"Ido lafiya, kunne lafiya. Wannan ne ya riga ni ritaya." Ta juyo gare ni. "Amadeo, zo. Kai da ba ka magana, ƙila kana ji."

Kawu ya ce, "Ni fa?"

"Kai riƙe mana fitila. Shi ma aiki ne."

Na zauna a kujerarta. Na tuna Kaka a baranda da takalminsa na hawan dutse.

"Kada ka ja," in ji ta. "Duk wanda ya ga abu ya maƙale, ja yake. Tura shi ciki tukuna, inda ya fito. Kaɗan."

Na tura. Shiru.

"Ƙara. Kada ka riƙe numfashi, ba ruwa ka faɗa ba."

Sai na ji wani ɗan motsi, ba a kunne ba, a yatsa.

"Ya saki. Yanzu murɗa shi ta inda aka naɗa shi. Bi shi, kada ka koya masa hanya."

Na bi shi. Ya zame daga kunnen ƙarfen, ya yi tsalle, zaren ya kama shi. Yana lilo a ƙusa, lafiyarsa lau. Kawu ya saki numfashi har fitilar ta girgiza.

"Da ni ne ma da tuni an wuce wurin," ya ce.

"Da tuni," in ji Doña.

Ran Asabar motar ta tashi. Kaka ya zauna a gaba, gwiwar hannu a taga. Bai sari ko reshe ba, amma shi ya nuna mana itacen da ya bushe da wanda ke yaudara. A hanyar dawowa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji wannan, na manta.

Doña, ke ce mai jiran ƙarfe ya huce. Ke ce ba ki taɓa ce wa tsohon abu "a yar" ba sai kin saurare shi. Da hannunki ya gaza, ba ki tura mu birni don rufa wa kanki asiri ba, kika ari nawa. Mun gode. Kakana ya gode, ko da yake shi ma ba zai iya faɗa ba.

Ku sa'o'ina da ke zaune irina, muna cewa ba abin yi a nan: ƙofar nan a buɗe take har ƙarshen shekara. Ku leƙa. Ba ta korar kowa sai kyanwa.

Lodin farko na itacen a ƙofarta muka sauke, kamar yadda Kaka ya saba. Tana tsaye tana kallonmu, makullin gareji a hannunta yana ƙara saboda rawar. Ta rataye shi a ƙusar da zaren yake. Ba ta dubi Kawu ba, ba ta dube ni ba. Sai ta dubi kyanwar, ta ce:

"To, bayan Kirsimeti, wa zai riƙa ɗora butar nan?"