Tantin Zare-biyu

A shekara ta 2014 ne likitan ido ya shaida wa matar Zare-biyu cewa ganinta yana ƙarewa. Ciwon da ake kira hawan jinin ido ne ya kama ta, kuma ya daɗe yana cin ganin daga gefe ba tare da ta ankara ba. Likitan ya rubuta mata maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Da mijin ya matsa masa da tambayar tsawon lokacin da ya rage, sai ya ce shekara guda, wataƙila da 'yan watanni a kai.

Zare-biyu maɗinkin tamfol ne. Shekara ashirin da shida ya yi a wata rumfar aiki da ke bayan filin da manyan motoci suke kwana, yana ɗinka tamfol ɗin da ake rufe kaya da shi. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa wannan suna, domin duk inda wani zai bi da keken ɗinki sau ɗaya, shi sai ya bi sau biyu, sannan ya shafe ɗinkin da gam. Direbobi sun san hannunsa. Bai taɓa barin aiki ya fita daga gabansa ba sai ya watsa masa ruwa ya leƙa ƙasansa. 'Ya'yansa biyu, duka mata: babbar, wadda duk gidan ke kira Yaya, tana aiki a shagon sayar da yadi, sai Auta da take makarantar sakandare.

A bangon ɗakinsu akwai wata tsohuwar kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa. Ba a cire ta ba saboda hoton da ke jikinta, hoton wani tafki ne da dutse a gefensa na hagu. Kwana uku bayan dawowarsu daga asibiti, matar ta tsaya a gaban hoton tana karkata kai, domin a lokacin sai abin da ke gabanta sak take gani.

"Baban yara, wai wurin nan da gaske akwai shi, ko zane ne?"

Yaya ce ta amsa. "Akwai shi, Mama. Awa huɗu ne a mota. Uwar ɗakina ta taɓa zuwa."

"To ina so in gan shi," in ji uwar, "tun idon yana da sauran amfani."

A shekara ashirin da uku na aurensu, wannan ne karo na farko da ta roƙe shi wani abu da ba na girki ko na yara ba. Washegari ya tambayi wani direba da ya saba bin hanyar. Direban ya ce akwai masauki a bakin tafkin, sai dai kwana ɗaya a cikinsa zai cinye albashin mako. Amma akwai wani fili da masu ƙaramin ƙarfi suke kafa tanti a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ana ba da hayar tantin a wurin.

Zare-biyu ya yi dariya. "Ni, in yi hayar tanti? Ai sai a daina gaishe ni a layin nan."

Ba shi da kuɗin sayen sabon tamfol. Ya je ya sami manajan rumfar, wanda ya yarda ya riƙa kwashe duk guntun da bai kai kamu ɗaya ba, tun da dai zubarwa ake yi. Daga ranar ya daina hawa motar haya zuwa aiki. Kuɗin motar yakan jefa shi cikin wani gwangwanin madara da Auta ta huda wa murfi, don kuɗin tafiya. Da tsakar rana, lokacin da sauran suka fita cin abinci, shi sai ya zauna a kan keke ya haɗa guntaye: kore da shuɗi, da wani rawaya guda da ya rage daga tamfol ɗin motar mai.

Mai yanka, tsohon abokin aikinsa da suka fara tare, yakan tsaya a kansa da almakashi a hannu. "Zare-biyu, wannan tanti ne ko rigar mahaukaci?"

"Kai dai yanka ka bar mini gefe mai faɗi."

"In na bar maka fiye da haka, ni da kai za mu kwana a cikinsa, don korar mu za a yi."

Guntaye ba sa samuwa kullum. Wani makon ya sami biyar, wani makon ko ɗaya. Wata huɗu suka shuɗe tantin bai wuce bango uku ba. A cikin watannin nan matar ta fara cin karo da gefen ƙofa, ta daina zuwa kasuwa ita kaɗai. Wata safiya, yana ɗaura takalmi, ta ce masa, "Baban yara, ga tabarma biyu, ga gidan sauro. Mu je mu kwana a gindin bishiya mana. Ni ruwan nake son gani, ba rufin ba."

"Ba zan kai ki daji da 'yan mata biyu ku kwana a fili ba," ya ce. "In hadari ya taso fa? Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Ta san halinsa, sai ta bar maganar.

A wata na shida tantin ya haɗu. Direban nan ya kawo masa shi gida a bayan motarsa, ma'aikata uku suka sauke shi a tsakar gida. Ranar hutun mako suka kafa shi, ya ce matar da Auta su shiga su zauna. Ya hau kan benci, Yaya tana miƙo masa bokitin ruwa yana sheƙawa a kan rufin. A bokiti na huɗu ɗigo ɗaya ya sauka a hannun matar. Ta yi sauri ta goge shi da gefen zaninta, ta mintsini Auta don kada ta yi magana.

"Lafiya dai a ciki?" ya tambaya daga waje.

"Ƙalau," in ji matar. "Ko raɓa babu."

Amma da ya shigo bai tsaya ga maganarta ba. Ya bi ɗinkin rufin da bayan yatsa, a hankali, har ya tsaya a inda rawayan ya haɗu da koren. Ya dubi yatsansa. A ranar ya warware layin gaba ɗaya, kuma tun da ya warware ɗaya, zuciyarsa ba ta yarda da sauran ba. Gyaran ya ci wata biyu.

Sai a wata na takwas suka sa ranar tafiya. Gwangwani ya cika, manaja ya ba shi kwana uku, Yaya ta samo izini a shago. Sun dafa ƙwai, sun sayi burodi da ganyen shayi, sun ari ƙaramin risho wurin maƙwabciya. A lokacin matar tana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, amma abin da ke cikin bututun tana ganinsa sarai, har launinsa. Ta saka rigarta ta fita unguwa tun da sassafe, ta zauna a bakin gado tana jira.

Mai baron da aka kira ya tura tantin zuwa tasha yana haki yana mita. A tasha kwandasta ya kama gefe ɗaya ya ɗaga, ya saki.

"Baba, gawar saniya ce a ciki?"

Aka kira direba, aka ɗora ƙunshin a kan sikelin masu kaya. Ya fi nauyin ƙato guda, har da rabin wani. A shekara ashirin da shida Zare-biyu bai taɓa auna nauyin abin da ya ɗinka ba. Tamfol ɗin mota maza huɗu suke jefa shi sama, mota ta ɗauke shi. Abin da ake tambayar maɗinki kawai shi ne ko zai yi yoyo. Shi kuwa ya ninka kowane gefe, ya yi wa tantin shimfiɗar ƙasa mai kauri, ya jera masa zobban ƙarfe kamar na babbar mota.

Direban, mutum mai sanyin magana, ya ce, "Malam, saman motata ba zai ɗauki wannan ba. Kuma ko na ɗauka, inda zan sauke ku, sai kun yi tafiyar minti arba'in a ƙasa kafin ku kai bakin ruwa. Hanyar ƙafa ce, ko baro ba ya bi. Wa zai ɗauka? Kai, ko 'yan matan?"

Matar ta laluba ta kama hannun rigar mijinta. "Mu bar shi wurin masu ajiya. Mu tafi haka."

"Baba, ai an ce ana ba da haya a can," in ji Yaya. "Ko kwana ɗaya ne mu yi, mu rage na abinci."

Zare-biyu ya dubi ƙunshin da ya ci masa wata takwas ba tare da abincin rana ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda gajimare ya ɗan taru. Ya san irin tantin da ake bayarwa haya, ɗinki ɗaya, zare mai araha. Fasinjoji sun leƙo ta taga suna kallon su.

"Ku ba ni mako shida," ya ce. "Zan raba shi uku, kowa ya ɗauki nasa."

"Baba," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa, "idon Mama ba zai jira mako shida ba."

"Likita ya ce shekara."

Matar ta saki hannun rigarsa. Motar ta cika ta tashi. Suka koma gida a bayan mai baro, Auta tana riƙe da kwandon ƙwai. A ranar ba a yi ruwa ba.

Ya cire shimfiɗar ƙasan, ya raba rufin gida uku da za a haɗa da igiya. Amma ruwa yana bin mahaɗa, don haka sai da ya yi wa kowace mahaɗa leɓe, ya gwada, ya sake. Mako shida ya zama goma sha ɗaya. Mai yanka ya daina yi masa ba'a. A mako na bakwai matar ta sa Auta ta sauko mata da kalandar, ta riƙe ta dab da fuskarta na tsawon lokaci, sannan ta ce a mayar. A mako na tara, da safe, ta zuba masa shayi a gefen kofi, tana ci gaba da zubawa har sai da ya riƙe mata hannu.

Sun tafi dai. Shi ya ɗauki kashi biyu, Yaya ta ɗauki ɗaya, Auta ta riƙe hannun uwarta a hanyar ƙafar. Tantin ya tsaya cif a bakin ruwa, har wasu masu hutu suka zo suna tambayar inda aka saye shi. Suka shimfiɗa wa matar tabarma a ƙofarsa, suka juya ta ta fuskanci tafkin. Haske kawai take rarrabewa da duhu.

"Dutsen yana hagu, kamar a hoton?" ta tambaya.

"Yana hagu."

"Ruwan fa?"

Zare-biyu ba mai iya magana ba ne. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Shuɗi ne. Irin shuɗin tamfol ɗin masu ɗaukar gishiri, in yana sabo. Can tsakiya ya fi duhu."

"To," ta ce. "Na san wannan shuɗin."

Yaya ta tashi ta tafi bakin ruwa ta tsaya ita kaɗai. Kwana uku suka yi, sama tas, ko ɗigo bai sauka ba. A rana ta ƙarshe, kafin su kwance igiyoyi, matar ta miƙa hannu ta bi ɗinkin bango da yatsunta, layi biyu a jere, har ƙasa.

"Ɗinki ya yi kyau, baban yara," ta ce.

Ya fita ya fara cire turaku.

Yau Zare-biyu ya bar aiki saboda ciwon baya. Matarsa ba ta gani ko kaɗan, kuma shi ne yake riƙe hannunta zuwa asibiti duk wata uku. Ba ta taɓa tayar da maganar tasha ba. Yaya ta koma wani gari da aiki. Takan kira uwarta kowane mako su daɗe suna hira, ta gaishe da ubanta a taƙaice. Auta ta gama makaranta, ita take yi musu girki. Kalandar tana nan a bango. Ba su sake zuwa tafkin ba. Tantin yana bayan gida, an rufe buhunan simintin maƙwabci da shi, kuma har yanzu bai yi yoyo ba.